Littattafan Neustria: wanne zan fara saya wa ɗana?

Tambaya: Malam, ɗana yana shekarar ƙarshe a sakandare, kuma ya mutu a kan labaran mahaya doki da takobi na Turanci. Ya nuna min littattafai uku na Leslie Barringer a intanet, ni kuwa kuɗin ɗaya gare ni. Wanne zan ɗauka? Zai koyi tarihin Turai a ciki? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, ki ɗauki Gerfalcon. Shi ne na fari, ya fito a Ingila a 1927, Joris of the Rock ya biyo baya a 1928, sai Shy Leopardess da bai fito ba sai 1948. Na farkon labarin Raoul ne, saurayi magajin sarauta da ya taso a hannun ɗan'uwan iyayensa, aka matsa masa har ya gudu ya shiga duniya. Yaro mai shekarun ɗanki zai ga kansa a ciki. Na biyun kuwa labarin ɗan fashi ne, ya fi duhu, kuma wanda bai san Raoul ba zai yi ta lalube.

Batun tarihi, kada ki saya da wannan niyya. Labaran ukun duk a wata masarauta mai suna Neustria suke faruwa. An yi Neustria ta gaskiya, yankin arewacin Faransa ce a zamanin sarakunan ƙabilar Faranka, Paris na cikinta. Amma Barringer ƙaddarawa ya yi masarautar ta ɗore har wajen ƙarni na 14, ya ƙago mata sarakuna da garuruwa. In yaro ya rubuta su a jarrabawa, faɗuwa zai yi. Abin da zai samu shi ne yadda ake zama a ganuwa, da nauyin sulke a jikin mahayi, da halin talaka a ƙarƙashin masu ƙasa. A nan marubucin ya yi ƙoƙari ƙwarai, shi ya sa nake son littafin.

Ki sani akwai maita da zub da jini a ciki, Turancin ma na da ne, sai da ƙamus a kusa.

Wajen saye, ki bar bugun 1927 ga masu tara tsofaffin littattafai, tsada gare shi. Ki nemi kwancen bugun kamfanin ɗab'i na Newcastle na 1976 mai bangon takarda. Kafin ki biya, mai sayarwa ya turo miki hoton gindin littafin, don gam ɗin da ya shekara kusan hamsin yakan bushe, shafuka su riƙa zubewa. Ki kuma tambayi kuɗin aikowa tun farko, sau da yawa yakan fi kuɗin littafin.