An lalata ƙanena yana yaro, yanzu shi ma ya taɓa ɗan wani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wani babban mutum ya lalata ƙanena yana ɗan shekara 9, bai taɓa faɗa ba sai yanzu da aka gano shi ma ya yi wa wani yaro haka. Wasu a gida sun ce a rufa asiri tunda shi ma an zalunce shi, wasu sun ce a sallama shi. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya yaye muku wannan musiba. Duka ɓangarorin biyu ba su dace ba.

Abin da aka yi masa yana yaro ba shi da zunubinsa, domin an ɗauke alƙalami a kan yaro har ya balaga. A faɗa masa wannan ƙarara, don da yawa suna girma suna ganin laifinsu ne. Amma abin da ya aikata yana baligi mai hankali nasa ne, zaluncin baya bai zama uzuri ba. Mafi yawan waɗanda aka yi wa haka ba sa cutar da kowa, don haka kada a ce dole ce ta sa shi.

Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya ce: "Ka taimaki ɗan'uwanka, azzalumi ne shi ko wanda aka zalunta." Da aka tambayi yadda ake taimakon azzalumi, ya ce a hana shi zaluncin. Ƙanenki ya haɗa duka biyun, taimako biyu ke nan a wuyanku.

Hana shi ake fara yi. Kada ya sake kaɗaita da yaro, ko da ɗan cikin gida ne, ko ya yi kuka ya rantse da Alƙur'ani. Rufa asiri kuwa, Imam Nawawi ya bayyana cewa ana yinsa ne ga wanda ba a san shi da cutarwa ba. Nan akwai haƙƙin yaro da iyayensa, ba ku da ikon yafe shi a madadinsu, kuma haramun ne a matsa musu su yi shiru. A kai yaron asibiti, a sanar da hukuma. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta wajabta shaidar gaskiya ko a kan dangi ne. Hukunci na alƙali ne, ba na 'yan gida ko taron jama'a ba.

Sallama shi kuma bai halatta ba, don ƙofar tuba ba ta rufe. Ya zo a hadisi cewa wani mutum da ya kashe rai ɗari ya nemi tuba, malami bai kore shi ba, sai ya umarce shi ya bar ƙasar da yake ɓarna a cikinta. Ku kai ƙanen naki wurin likitan ƙwaƙwalwa, addu'a ba ta hana neman magani. Idan an ɗaure shi ku riƙa ziyartarsa, in ya fito ku nema masa sana'ar da babu yara a cikinta.

Wallahu a'alam.