Randa, duro da sauron da ke cizo da rana: likita ya amsa tambayoyinku

Wani magidanci daga Jega: Likita, gidan sauro yana kare mutum daga zazzaɓin denge?

Yana taimakawa, Malam, amma bai wadatar ba, domin sauron Aedes mai yaɗa denge da zazzaɓin shawara ya fi cizo da safe da kuma la'asar. A riƙa sa jarirai ciki idan suna barcin rana.

Wata uwa daga Birnin Kebbi: Ruwan randarmu da na duro garau yake, amma ina ganin 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a ciki. Maƙwabciyata ta ce in ɗiga kalanzir ko fiya-fiya. In ɗiga?

Kada ki kuskura, Hajiya! Fiya-fiya guba ce, kuma abin yana ba ni takaici a ce ruwan da yara ke ɗiba da moɗa shi ne za a zuba wa guba. Tsutsotsin nan 'ya'yan sauro ne. Mutane sun ɗauka sai a kwata sauro ke hayayyafa, alhali sauron Aedes ya fi son ruwa mai tsabta da ke zaune a randa, duro, jarka, kaskon kaji ko tsohuwar taya. Macen tana manna ƙwanta a jikin randa daga ciki, ɗan sama da inda ruwa ya tsaya, kuma ƙwan yana jure bushewa har watanni. Da mai garuwa ya cika randar sai ya ƙyanƙyashe, cikin kwana 7 zuwa 10 ya zama sauro. Saboda haka zubar da ruwan kawai bai isa ba. Duk mako ki juye shi, ki dirje cikin randar da soso, sannan ki rufe da murfin da ya zauna daram, domin faifan da ya ɓule ba murfi ba ne. Kada a ga abin da nisa: an tabbatar da ɓullar denge a Sakkwato a 2023. Duk yaron da ya yi zazzaɓi, a kai shi asibiti.

Wani ɗalibi daga Argungu: Ina fama da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, gwaji bai nuna maleriya ba. In sha asfirin?

A'a. Idan denge ne, asfirin da ibuprofen suna iya jawo zubar jini. Ka tsaya ga farasitamol da yawan shan ruwa, ka koma asibiti yau. Idan zazzaɓin ya sauka amma ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa ko jini daga dasashi ya biyo baya, a kai ka asibiti ko da tsakar dare ne.