Tsohon BMX na gwanjo ko sabo na kanti?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tsohon keken BMX, wato ƙaramin keken nan na wasan tsere da tsalle, na shekarun 1980 da ka gani a gwanjo ya fi sababbin nan masu arha ƙarko. E, ya fi su, in dai na asali ne. Kamfanonin Amurka irin su Redline, GT da Mongoose sun ƙera manyan kekunansu da ƙarfen chromoly 4130, ga ƙarfi ga rashin nauyi, domin tsere da tsalle a kan turɓaya aka yi su tun farkon wasan a Kalifoniya. Wanda na hau ina yaro, wallahi har ƙannena uku sun gaje shi, taya da birki kawai muka riƙa sauyawa.

Amma ba kowane tsoho ba, don ko a wancan zamani akwai na ƙarfe mai arha. Ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, don na ƙarfe mai arha ya fi nauyi, sannan ka duba waldar wuyansa da ta wurin feda. In akwai tsaga, ko tsatsa ta ci shi daga ciki, bar musu kayansu komai sauƙin kuɗin.