Tambaya da Amsa: Haɗa Hita da Makunnin Wifi

Assalamu alaikum. A Jos nake, kun kuma san sanyinmu na Disamba da Janairu. Akwai hita mai wat 2000 a ɗakin yara. Na sayi ƙaramin makunnin wifi, Sonoff Basic, don ya riƙa kunna ta da kansa idan sanyi ya tsananta. Yaya zan haɗa? — Wani magidanci, Jos

Wa alaikumus salam, Malam. Fara da lissafi tukuna. Raba wat 2000 da bolt 230, za ka samu amfiya 8.7. Makunnin da ka saya amfiya 10 aka rubuta masa. A takarda ya isa, a aikace bai isa ba, domin hita takan yi sa'o'i tana jan wuta ba hutu. Bakin da aka ɗaure waya ya yi zafi, roba ta narke, ko kuma rilen da ke ciki, wato ɗan abin da ke haɗa wuta da yanke ta, ya manne, manhaja tana nuna maka an kashe alhali hita na ci. Ga shi kuma ba shi da inda za a soka ma'aunin zafi. Ajiye shi don ƙwan fitila.

Nemi Sonoff THR316D mai amfiya 16, ko THR320D mai 20, tare da ma'aunin zafinsa, irin su DS18B20. Sai waya mai kauri 2.5mm², da soket mai kyau, da akwatin roba da zai rufe haɗin. Kashe wutar gidan daga babban makunni, ka tabbatar da tasta. Waya mai wuta (ruwan ƙasa, ko ja a tsohon wayarin) da nutural (shuɗiya ko baƙa) su shiga ɓangaren shigowa, su fita ta ɗaya ɓangaren zuwa soket. Wayar kariya mai launin kore da ɗorawa kada a yanke ta, ta zarce har soket. Ɗaure sukurori tamau. Sakwarkwacewar waya ce ke fara haddasa ƙonewa. In hannunka bai saba ba, kira mai gyaran wuta, aikin rabin sa'a ne.

A eWeLink, manhajar sarrafa makunnin Sonoff, ka saita ya kunna idan zafin ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 18, ya kashe idan ya kai 20. Tazarar nan da gangan ce. In ka matse ta, rilen zai yi ta ƙas-ƙas kowane minti har ya mutu. Digiri 18 ɗin kuwa shi ne mafi ƙarancin ɗumin ɗaki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a lokacin sanyi.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne wurin ajiye ma'auni. Kusa da hita, zai ji zafi da wuri ya kashe tun ɗaki bai ɗumama ba. Jikin taga ko bangon waje, ba zai taɓa ƙoshi ba, mita kuma na ta lashe kuɗi: hitar nan yunit 2 take ci duk sa'a. Maƙala shi a bangon ciki, tsayin kamar mita 1.5, inda rana ba ta dukansa.

Abu biyu game da hitar kanta. Dole makunninta ya zama na murɗawa ko na latsawa ya zauna. Mai madannan dijital ba ta tashi da kanta idan wuta ta dawo. Sannan ba mu yarda a haɗa wannan tsari da hita mai jan ƙarfe a buɗe ko mai fanka ba, balle a ɗakin yara, inda zane ko gidan sauro zai iya faɗa mata ba kowa a kusa. Mai mai a ciki ta fi aminci, ita ma a nisanta ta da labule.

Ina zaune a Ingila, gidanmu boilar gas ce ke ɗumama shi. Ɗana ya ce zai cire ma'aunin bango ya sa makunnin wifi. Ba matsala? — Wata uwa, Leeds

Hajiya, ya yiwu, amma ya karanta littafin boilar kafin ya taɓa waya. Bakin da ma'aunin bango ke shiga iri-iri ne. Wasu boiloli wuta mai bolt 230 suke jira, wasu kuwa so kawai suke a haɗa musu wayoyi biyu ba tare da an tura wuta ba. Sonoff Basic wutar gida yake fitarwa. Aka haɗa shi da iri na biyu, allon boilar ya ƙone nan take, gyaransa kuma ya ninka kuɗin makunnin sau da yawa. Wanda ya dace shi ne mai rilen da ba ya ɗauke da wutar kansa, kamar Shelly Plus 1. Idan an rubuta OpenTherm a bakin, wannan hanyar musayar saƙo ce tsakanin boila da ma'auni, ba wurin makunni ba ne.

Ya kuma saita kada a kunna a kashe ƙasa da tazarar minti goma, don yawan tashi na gajiyar da boila. In isa ga wayoyin sai an buɗe murfin da ya toshe ɗakin ƙonewar gas, to ya tsaya: aikin mai rajistar Gas Safe ne, wato rajistar masu izinin aikin gas a Birtaniya. Gidan haya kuwa, a nemi izinin mai gida.

Makunnina ya ƙi kama wifi, kuma ina fargabar abin da zai faru in an ɗauke wuta. — Mai karatu, Zariya

Yawancin makunnan nan zangon 2.4GHz kaɗai suke ji. Shiga saitin rauta ka raba shi da na 5GHz, ka haɗa wayarka ta hannu da na farkon, sannan ka sake gwadawa. Batun wuta kuma, akwai saitin halin da makunni zai tashi a ciki idan an kawo ta. Zaɓi ya tashi a kashe. Kada ka ɗora hita a layin inbata, za ta zuƙe batir cikin ɗan lokaci.