Tambaya da Amsa: Ta ina zan fara koya wa ƙanena kamun tirawut?

Tambaya: Malam, na jima ina kamun tirawut, wani kifi na ruwa mai sanyi, a ƙorama da ƙwaron jabu, irin wanda ake ɗaura gashin tsuntsu a jikin ƙugiya. Yanzu ƙanena ya matsa sai na koya masa, ni kuwa ina tsoron kada ya gaji tun ranar farko. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka fara kai shi bakin ruwa. Ka kai shi fili mai ciyawa, ka ɗaura ɗan ulu a maimakon ƙugiya, ya saba da jifa. Abin da zai fara ba shi mamaki shi ne ƙwaron ba shi da nauyi, igiyar ce ke ɗaukarsa. Idan ya kai sanda baya, ya ɗan dakata igiya ta miƙe kafin ya turo gaba. Gaggawa a nan ce ke jawo sarƙewa.

Sanda mai ƙafa 7 zuwa 8, mai igiya mara nauyi sosai, wato lamba 3 ko 4 a ma'aunin nauyin igiya, ta ishe shi. Doguwa a ƙaramar ƙorama rassan itace kawai za ta riƙa kama masa.

Abin da na fi so ka riƙe kuwa shi ne ƙorama ba ta buƙatar jifa mai nisa. Tirawut yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, yana jiran abincin da ruwa zai kawo masa. Don haka ku faro daga ƙasa kuna hawa, ku zo masa ta baya, a sunkuye, kada inuwarku ta faɗa kan ruwa. Kifi ne mai tsananin tsoro, taku ɗaya mai ƙarfi ya isa ya kore shi. Ka nuna wa ƙanenka bayan duwatsu, da ƙarƙashin gaɓa, da inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai sanyin tafiya. Ku ɗaga dutse ku ga tsutsotsin da ke manne a ƙasansa, domin kifin yawancin abincinsa a ƙarƙashin ruwa yake cinsa. Duk da haka ni da ƙwaro mai yawo a sama nake fara wa sabon shiga, saboda ya ga kifi ya taso da idonsa. Sharaɗi ɗaya ne: ƙwaron ya tafi daidai da gudun ruwa, igiya ba ta jansa.

Ka bar taka sandar a gida ranar, ka tsaya kusa da shi. Ka matse ƙayar ƙugiya, ka sa masa tabarau don kare ido. Idan ya kama, ya jiƙa hannu kafin ya taɓa kifin, ya mayar da shi da wuri. In ɗumin ruwa ya kai digiri 20 a ma'aunin Celsius, ku haƙura, kifin yana wahala a irin wannan ruwa. Ka kuma bincika lasisi da lokacin da doka ta yarda a wurin kafin ku fita.