Sabo Turken Wawa: Amsoshin Tambayoyinku Kan Maye, Jaraba da Yaye

Wani matashi mai tuƙa pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, a Aboabo da ke Kumasi ya rubuto: "Malam, duk lokacin da na ce zan bar tramol sai kakata ta ce sabo turken wawa. Zagina take yi? Kuma na ji akwai manyan mawaƙa da suka bar ƙwaya ba tare da bin tsarin gidajen gyaran hali ba. Ni ma ba zan iya ni kaɗai ba?"

Ɗana, kakarka ciwonka take kwatanta maka. Fara da raba kalmomi uku da kunne ke haɗawa. Akwai sabo kishiyar tsoho, akwai saɓo mai lanƙwasa, wato zunubi, sai sabo na karin maganar, wanda muryarsa ke farawa ƙasa ta hau, daga aikatau "saba". Turke kuwa icen da ake kafawa a ɗaure akuya ko doki. Dabbar da ta shekara a turke ɗaya, ko ka kwance mata igiya, da magariba can za ka same ta tsaye. Abin da karin maganar ta hango ke nan: igiyar ta bar wuya ta koma cikin kai. Kai ma duba naka turken. Wace sa'a kake haɗiya, da wa, a wane bes, wato majalisar shan ataya, kafin wane aiki? Wasu masu tuƙi da asuba suke sha, kafin su ɗauki fasinjan farko zuwa kasuwar Kejetia.

Batun shahararrun kuwa gaskiya ne, amma rabin labarin ake ba ku. Tsarin da aka fi sani a Turai da Amurka shi ne na matakai goma sha biyu, wanda ƙungiyar mashaya masu son tuba ta faro a Amurka a 1935, kuma ba kowa ne ya bi ta nan ba. Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka wanda ya ziyarci Accra a 1964, a kurkuku ya rabu da ƙwaya tsakanin 1946 da 1952, ta hanyar addini da karatu ba dare ba rana. Lord Kenya na nan Kumasi ya ajiye waƙar hiplife da shaye-shaye wajen 2010 ya koma wa'azin coci. Mawaƙin Amurka Eminem ya kusa mutuwa a ƙarshen 2007 saboda ƙwayar methadone, ya daina a 2008, sannan ya kama gudu har wajen kilomita 27 a rana, kuma shi da bakinsa ya ce wata jaraba ya musanya da wata. Ɗan fim ɗin Amurka Robert Downey Jr, da ya tsaya tun 2003, yana yaba wa matarsa da wasan kokawar Sin da ake kira Wing Chun, ko da yake shi ya haɗa da tsarin matakan goma sha biyu. Ka lura, babu wanda ya tumɓuke turke ya bar fili fayau. Kowannensu sabon turke ya kafa, ya sauya abokan zama, ya cika sa'o'in da a da ƙwaya ke ci. Eminem da Downey kuma sun ga likitoci, abin da masu yaɗa labarin a Facebook ba sa faɗa.

Ga abin da ya shafi jikinka. Iyakar tramol da likita ke yarda da ita ga babban mutum miligiram 400 ce a yini, kuma ƙarfin da hukumar magunguna ta Ghana ta amince da shi 50 ne da 100. Mai lamba 225 da ake sayarwa a ɓoye, guda biyu sun riga sun haura iyaka, shi ya sa kake ganin samari suna faɗuwa suna shure-shure kamar masu farfaɗiya. In ka yanke farat ɗaya, cikin yini guda za ka fara hamma, gumi, zawo, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, abin ya tsananta a kwana na biyu da na uku, ya ɗauki kusan mako. A nan yawanci ake komawa. Likita ragewa yake yi kaɗan-kaɗan, wani lokaci kashi 10 cikin 100 a mako, ga wanda ya daɗe yana sha ma a wata. Sashen kula da ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye yana wannan aiki.

Wata Hajiya daga Asawase ta ce: "Malam, ɗana ya kamu da akpeteshie, giyar nan ta gargajiya. Wasu na cewa maye ne, wasu jaraba. An ba ni shawara in kulle shi a ɗaki ko in kai shi gidan mari. Mene ne bambancin, kuma me zan yi?"

Hajiya, Allah ya shirya mana. Maye shi ne halin da mutum ke shiga bayan ya sha, yana zuwa yana wucewa. Kada a haɗa shi da maye mai kama kurwa, rubutunsu ɗaya amma karin sautinsu daban. Jaraba ita ce ƙishirwar da ke tashe shi neman abin ko da ya san zai cuce shi. Asalinta Larabci ne, tushensu ɗaya da jarrabawa. Bahaushe kuma da ya ce "ya kamu" bai ce "ya kama" ba, ya nuna cewa mutumin ne a hannun abin.

Kalmar da nake so ki riƙe ita ce yaye, don kin fi ni sanin ta. Ranar yaye ɗaya ce, amma watanni kafin ta an saba wa yaro da kunu da koko. Ranar kuma a kai shi gidan kaka, nesa da nono, a samu mai rarrashinsa da dare. Shiri, nisa, madadi da mai jinya. Kulle ɗaki nisa kawai ya bayar, ya bar sauran ukun.

Ga giya ma abin ya wuce rashin dabara, haɗari ne. Wanda ya daɗe yana sha kullum, in aka yanke masa kwatsam, rawar hannu da gumi kan fara cikin sa'a 6 zuwa 24, jijjiga na iya zuwa a kwana biyun farko, a kwana na biyu zuwa na uku kuma wasu kan ruɗe su riƙa ganin abin da babu, da zazzaɓi da bugun zuciya. Wannan matakin yana kisa in ba a asibiti ba. A can ana ba da maganin kwantar da jijiya da sinadarin bitamin B1 ana lura da shi. Mari kuwa, hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Ghana ta haramta ɗaure marasa lafiya da sarƙa tun 2017. Addu'a da rubutu da nasihar limamin unguwa suna da gurbinsu, ki haɗa su da asibiti.

Tambaya ta ƙarshe daga wani malamin makaranta a Tafo: "Wanda ya bari ya koma, tuban muzuru ya yi?"

Ba kullum ba, Malam. Tuban muzuru na mai yaudara ne, wanda ke rantsuwa idonsa na kan akurki. Wanda ya yi wata uku ya zame, zamewa ya yi, kuma a ra'ayina jifansa da wannan karin magana mayar da shi bes take yi. Wanda ya fi kusa da muzuru shi ne mai sauya wa tuwo suna, ya ce ya bar tramol amma wiwi da ɗan kofin giya ba komai. Mawaƙiya Demi Lovato ta gwada haka a fili a 2021, kafin shekarar ta ƙare ta janye, ta ce bari gaba ɗaya ne kawai mafita.

Abin da ya kamata iyali su sani game da zamewa shi ne, bayan makonni ba a sha ba jiki ya manta da yawan da ya saba ɗauka. Ƙwaya biyu da a da ba sa girgiza shi yanzu suna iya tsayar masa da numfashi. In kun same shi yana wani irin minshari, leɓɓansa sun sauya launi, ana girgiza shi bai farka ba, ku kwantar da shi a gefe ɗaya, kada ku ɗura masa ruwa ko madara, ku kira 112 ko ku garzaya da shi asibiti mafi kusa.