Amsa ga amaryarmu kan Sallar farko a ɗakin miji

Assalamu alaikum, 'yan uwa barkanmu da warhaka. Amaryarmu, na saurari saƙonki tun ɗazu, hannuna ne ke cikin ƙullu shi ya sa kika ji ni shiru. In dai na fahimce ki, abu biyu ne ke damunki. Babbar Sallah ta ƙarato, ita ce ta farko a ɗakinki, angon ya ce a gidansu za ku wuni ranar Idi, ke kuma ranki yana Zariya wajen su Mama. Sannan ya ce zai yi layya, ba ki san yadda ake rabon nama tsakanin danginsa da naki ba. To bari in gaya miki yadda muke yi ni da Baban yara, ki ɗauki abin da ya yi miki.

Maganar ranar Idi dai, ƙanwata, ki bar masa ita. Wallahi ba abin ja-in-ja ba ce. Ranar 10 ga Zulhijja ko an ce ki tafi Zariya ba ki da lokacin tafiya. Da asuba kin tashi, ga tuwo ga miyar taushe, ga kwanukan maƙwabta da za a kai, shi kuma ya yi wanka ya sa babbar riga ya tafi Idi. Yana dawowa, an tabbatar liman ya yanka, sai maganar rago. Yaushe za ki hau hanya? Abin da nake so ki nema a wajensa shi ne rana taki, sananniya, wadda aka ambata da baki. Ban da "in an kwana biyu za ki je", wannan in an kwana biyun yana iya kai ki Muharram. Ki ce masa, ranka ya daɗe, ranar uku ga Sallah nake so mu je mu gaida su Baba, mu kwana ɗaya. Kuma tun yanzu za ki faɗa, tun wata bai kama ba, kafin abokansa da 'yan uwansa su cinye kwanakin hutun.

Mu a gidanmu abin ya zauna haka: ranar Idi da yamma muna gidan Hajiyarsa, washegari ranar suya ce ba inda nake zuwa, rana ta uku gidanmu, daga nan kuma sai sauran dangi da zumunta. Ai ko Sarkin Kano ba a rana ɗaya yake gama gaisuwa ba. Ranar Idi ya sauko daga filin Ƙofar Mata, washegari a hawan Daushe ya biya Babban Ɗaki ya gaida mahaifiya, rana ta uku hawan Nasarawa ya je gidan gwamnati. Kowa da ranarsa, kuma ba wanda ya ce an raina shi. Af, tunda baƙuwa ce ke a Kano, in an yi hawan bana ki sa ya kai ki Ƙofar Kudu ki ga Daushe ko sau ɗaya ne, ai hawan Sallar Kano har UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2024. Sai dai ki tafi da takalmi maras tsini, cinkoson ba na wasa ba ne.

To yanzu nama, nan ne fa ake ɓatawa. Na ga gidajen da aka yi azumi lafiya, aka yi Ƙaramar Sallah lafiya, cinyar rago ɗaya ta haɗa mata da uwar miji har shekara ta zagayo. Saboda haka ki buɗe kunne.

Ranar yanka kayan ciki kawai za ki taɓa. Hanta da ƙoda da zuciya ki soya su da wuri, domin an so mai layya ya fara karyawa da naman layyarsa bayan saukowa Idi, saɓanin Ƙaramar Sallah da ake cin abinci kafin a fita. Tumbi da hanji ki wanke su sosai da ruwa mai yawa, ki tafasa su daban da citta da kanumfari, kada ki haɗa su da hanta a tukunya ɗaya. Gangar jikin kuwa a rataye ta a inda iska ke shiga ta kwana ta tsane. Naman da ya tsane ya fi daɗin suya, ba ya tsatsafo da ruwa a kasko, kuma ya fi daɗewa bai lalace ba. Kai da ƙafa ki ba yaran unguwa masu babbaka, amma ki ƙirga ƙafafun kafin su tafi, huɗu ne, su dawo huɗu.

Washegari in mai daddatsawa ya zo, kada ki yarda a fara suya ba a yi rabo ba. Ɗanye ake rabawa, kuma maigida yana tsaye. Ni tabarma nake shimfiɗawa a tsakar gida, in jera robobi, Baban yara ya zauna a kan kujera 'yar tsuguno da hularsa a gwiwa, yana faɗa ina zubawa. Wannan na Hajiya, wannan na su Mama, wannan na maƙwabcin da bai samu yi ba, wannan na almajiran da ke mana aike. In ya ce cinya ɗaya gidansu, sai in yi shiru in dube shi, shi da kansa zai ce ɗayar a kai gidanku. Kin ga da bakinsa ya faɗa. Gobe in wata a cikin dangi ta ce amarya ta kwashe nama ta kai gidansu, shi ne zai ba da amsa, ba ke ba. Kuma na Hajiya shi zai ɗauka ya kai da hannunsa. Na Zariya kuwa tunda akwai tafiya, ki soya shi ƙarau ki bari ya huce kafin ki rufe, in kika rufe da zafi gumi zai yi ya yi tsami a hanya.

Ki tuna masa kuma, ba a biyan mahauci ladan fiɗa da naman layya ko da fatar, kuɗinsa daban ake ba shi. In an ga dama a ƙara masa nama kyauta. Fatar ma ba a sayarwa, yawanci masallacin unguwa ko makarantar Islamiyya ake ba wa.

Suyar kanta kada ki ce ke kaɗai za ki yi don a ce amarya ta iya aiki. Ki kira ƙannensa mata, ki ba su wuƙa da faranti, hira tana tafiya aiki yana tafiya, nan ne ma za ki san halin kowa. Kitsen ki fara narkar da shi ki yi suyar a ciki, kakiden da ya rage ki adana, yana gyara miya da dafa-duka har bayan Sallah. Ki ware tsoka zalla ki yi dambun nama, shi ne zai fitar da ke kunyar baƙi in soyayyen ya ƙare. Soyayyen kuwa ki ɓoye wani kaso inda maigida bai sani ba, don wallahi maza a kwanakin nan duk wucewa sai sun buɗe roba. Kakata har wutsiyar rago take busarwa ta ajiye sai daren cika-ciki a Muharram, mu dai yanzu ba ma kai wa can.

Sai batun kuɗi, a taƙaice. In ya ce zai yi layya, ki ƙarfafa shi ya saya da wuri, masu zuwa Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis sukan samu sauƙi a kan wanda ya tsaya sai jajiberi a bakin titi. A duba lafiyarsa, ban da mai ido ɗaya, ban da gurgu, ban da ramamme ko maras lafiya. In kuma kika ga aljihun ya yi nauyi, bana ga hidimar biki da kuka fito daga ciki, to ke ce za ki fara cewa a bari. Layya ta mai hali ce, ba a cin bashi don maƙwabta su ji kukan rago. Mu ma akwai shekarar da watanda muka shiga, aka kawo mana kasonmu a bokiti, yara suka ci suka yi yawon Sallarsu, ba wanda ya tambaye su daga ina naman ya fito. Kuma yanka ba lallai sai ranar farko ba, har 11 da 12 ga wata ana yi, wani lokacin ma farashi yakan sauko bayan Idi.

Ki tanadi canji ƙanana saboda yaran dangi masu zuwa barka da Sallah, amarya sabuwa kowa gidanta yake nufa. Cincin da dubulan ki yi su tun kafin Arfa, ranar 9 kina azumi ba za ki so tsayuwa gaban mai ba. Kitso da lalle ma kada ki kai su jajiberi, layin sai ya kai ki tsakar dare. Ɗinki kuwa in har yanzu atamfarki tana cikin leda, gobe-goben nan ki kai wa tela, ki kuma ce masa tafiya za ki yi mako guda kafin Sallah.

Ranar da za ku gidan Hajiya ki tafi da tuwonki a kula mai kyau, ki durƙusa ki gaida kowa har matan yayyensa, kuma ki ci abincin gidan ko kin ƙoshi. Masu girki a nan ku taimaka mata da yadda kuke haɗa yajin suya, ni nawa barkono ne da citta da masoro da ƙuli-ƙuli kaɗan. A gaida angon, sai na ji yadda kuka yi da shi kan ranar Zariya.